Ƙarin Albashin da Na Ƙi Karɓa

Ina tuƙa wa wani kamfanin share-share mota a unguwar Ulaya, can ƙasar Larabawa, lokacin da aka tara mu direbobi a ofis, aka ce an yi mana ƙarin albashi. Ba mu roƙa ba, ba salla ba ce, kuma ba mu ji kamfani ya samu wata sabuwar kwangila ba. Tun ina tsaye a wurin na ji abin bai kwanta mini ba.

Kamfanin yana da wani asusun ajiya nasa na kansa, ba na gwamnati ba. Akantanmu ne ya kawo tsarin, wani mutumin Indiya mai sanyin murya, wai haka ake yi a ƙasarsu. Duk wata a cire wani abu daga albashinka, kamfani ya ɗora kwatankwacinsa, ranar da za ka koma gida a haɗa a ba ka. Amma akwai iyaka, wadda suke kira saƙaf, wato rufi. Wanda albashinsa bai kai rufin ba, dole a cire masa, dole kamfani ya ɗora nasa. Wanda ya wuce kuwa, ba cirewa ba ɗorawa, abin da ya riga ya tara ya jira shi har ranar tafiya.

Mu direbobi muna ƙasa da rufin, kaɗan ya rage mu taɓa shi. Ƙarin nan kuwa daidai ya haye da mu samansa, da ɗan abin da bai wuce kuɗin shayi ba.

A unguwar Suwaidi nake kwana, ɗaki ɗaya da wani direba mutumin Damagaram. Ya girme ni, Yaya nake ce masa. Da muka koma yana dafa mana shinkafa, na ce, "Yaya, ba ka ga komai a cikin ƙarin nan ba?"

"Na ga kuɗi," in ji shi.

"Abin da suka ƙara mana bai kai abin da za su daina ɗora mana ba."

Ya ajiye ludayi ya dube ni. "Kai ka taɓa ganin asusun nan da idonka? Wa ka sani da ya tafi gida ya kira ya ce an ba shi? Ni tun ranar da aka fara cirewa ban yarda da shi ba. Yanzu Allah ya fitar da ni, kana so in koma?"

Maganarsa ta dame ni, don ban taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba. Duk da haka na kasa cire wa raina cewa mutanen da ke ƙirga mana man mota ba za su yi mana kyauta haka kawai ba.

Na samu akanta na tambaye shi ko mutum zai iya ƙin karɓar ƙarin. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, sai ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce shi ba ruwansa, umarnin mudir ne, wato shugaban kamfanin. Na ce to dabarar wa ce? Ya ce in sha ruwa. Hannunsa na wasa da biro, idonsa na kan ƙofa.

Washegari mudir ya kira ni. Balarabe ne mai fara'a, amma ranar bai ce in zauna ba.

"Wa ya yi maka alkawarin aiki?" ya tambaye ni. "Kana so ka canja kafili ne?" Wato ubangidan da takardun zamanka ke hannunsa.

Na rantse masa ba kowa. Na ce ni dai a bar ni a tsohon albashina, a ci gaba da cirewa.

Sai ya ce, "Yadda kake so."

Daga nan zargin ya juyo kaina. Direbobi suka ce ba mai hankalin da zai ƙi ƙari sai in an ba shi wani abu a ɓoye. In na shigo wurin da muke cin abinci sai hira ta koma ta ƙwallo. Ranar Juma'a a kasuwar Batha, a layin aika kuɗi gida, na lura wani yana leƙen abin da nake miƙawa. Shi kansa Yaya ya fara fita waje in zai amsa waya. Ni ma, gaskiya, da na gan shi ya fito daga ofishin mudir yana murmushi, sai da na yi kwanaki ina auna kowace kalma kafin in faɗa a ɗaki. Aka kuma mayar da ni kan motar da ke kai ma'aikata can bayan gari, wadda na'urar sanyinta ta mutu. Ba wanda ya ce hukunci ne.

Shekara ba ta zagayo ba sai aka sanar cewa an ɗaga rufin. Duk waɗanda suka haye suka sake komawa ƙasa, aka ci gaba da cire musu, har fiye da da. Yaya ya shigo ɗaki ya zauna bakin katifa da takalminsa.

"Ka san za a yi haka?" ya ce.

"Wallahi ban sani ba."

Bai ce ya yarda ba. Mun yi ta juya maganar: ko kamfani ne ya shiga matsi yana neman kuɗin hannu, ko wani babba ne ya yi tambaya. Akanta ya ce gyara ne kawai.

Da mahaifiyata ta kwanta ciwo na nemi sallama. Aka haɗa mini kuɗin asusu da na ƙarshen aiki, dunƙule guda. Na ce a rarrabe mini, wanne ne nawa, wanne ne na kamfani. Akanta ya ce duk ɗaya ne, ga jirgina gobe. Kuɗin ba su yi kaɗan ba, amma an ce na ƙarshen aiki da albashin ƙarshe ake auna shi, nawa kuwa ni na hana shi tashi. Har yau ban san ko riba na ci ko asara ba.

Yaya ne ya kai ni filin jirgi. A hanya ya tambaye ni nawa aka ba ni, na faɗa masa. Da muka wuce shingen bincike sai ya roƙe ni in na isa Kano in duba masa farashin buhun siminti, wai shi ma yana tunanin gini a gida.