Ɗakin da Garuba Ya Raina

Garuba mijin ƙanwata ne, don haka ina da ikon faɗin maganarsa, kuma zan faɗa. Ni ce Sala mai sayar da wace, shinkafa da waken nan, a unguwar Alabar ta Kumasi, shekara ashirin da ɗoriya teburina yana bakin hanyar kasuwa. Duk wanda ya san ni ya san ba na rufa wa wauta asiri, ko da ta cikin gida ce.

Tela ne, amma na gyara. Zif ya mutu, wando ya yage, rigar gwanjo ta yi maka yawa, sai ka kai wa Garuba. Hannunsa yana da kyau, wannan ba zan tauye masa ba. A ɗan shagonsa na katako yakan tashi da sidi tamanin a rana, wata rana ɗari da ashirin, gab da Salla kuwa har korar mutane yake yi. Ciwonsa ɗaya ne, bai iya fitar da kuɗi bakinsa a rufe ba. In mai tikiti ya zo da safe karɓar sidi biyu, sai ya ajiye almakashi ya buɗe lacca. Bayan gida kuɗi, bola kuɗi, bokitin ruwa kuɗi, wuta kuɗi. "Garin nan numfashi kawai ya rage su yanka wa tikiti," in ji shi, kullum, kamar karatun allo. Mu da muke biya mu juya ga sana'armu, a wurinsa tumaki ne.

Shi da ƙanwata Safura suna zaune a ciki da falo a gidan marigayi Alhaji Sanni, layi biyu daga teburina. Uwar Garuba ce ta kama ɗakin tun yana goye. Nan aka kai masa Safura, nan ta haifi 'yarsu Latifatu da ke aure a Asokore Mampong yanzu. Shekara ashirin da shida Safura ta yi a ɗakin nan. Da kuɗin sobolo, wato zoɓon da take ƙullawa, ta sa siminti a baranda, ta canja taga, ta ja famfo har bakin ƙofa. Kuma sidi arba'in suke biya a wata, saboda tsofaffin 'yan haya ne. Wanda ya san Kumasi ya san abin da nake nufi. Irin wannan ɗakin, sabon shiga sai ya biya ɗari uku da hamsin, kuma ya ajiye adibas na shekara biyu kafin a nuna masa inda makulli yake. Tsohuwar haya kamar gado ce, taka ce muddin makullin yana hannunka. Ranar da ka miƙa shi, ta tafi.

Da Alhaji ya rasu, ɗansa Faruku ya karɓi gidan, ya bi ɗaki ɗaki da ladabinsa ya ce haya ta koma tamanin. Sauran 'yan haya har godiya suka yi masa. Garuba kuwa ya hau sama. Wai ninki biyu, wai fashi da rana tsaka, wai shi dai ya gama da birni, ƙauye zai koma.

Ƙauyen nan ya daɗe yana damun mu da shi. Bakin Tsamiya sunansa, can bayan Atebubu, inda dangin uwarsa suke noma. Duk shekara yakan je da kaka, ya yi kwana biyar. A yanka masa zabo, a daka masa sakwara, a cika masa buhu da doya ya dawo. Sai ya zauna a bencina yana cin wacen da bai biya ba yana ba ni labari. Wai can doya uku sidi goma, ƙwai kyauta, itace kyauta, bayan gida ga daji nan iya ganinka, ba haya, ba mai tikiti.

Na ce masa, "Garuba, kuɗin Kumasi ne a aljihunka shi ya sa ka ga araha. Ka taɓa tambayarsu nawa suke samu a wata? Ka taɓa zuwa da damina, lokacin da rumbu ya ƙare?"

Ya ce, "Yaya Sala, ke wace kika sani."

To, na yarda, wace na sani. Amma na san baƙon kwana biyar da mazaunin gari ba tukunya ɗaya ake dafa musu ba.

Safura ba mai musu ba ce, wannan halin nata shi ya fi ba ni haushi. Abu ɗaya ta roƙa. Ta ce, "Malam, mu tafi, na yarda. Amma mu kulle ɗakin mu bar shi, ko shekara ɗaya, mu ga yadda can zai karɓe mu." Ni da bakina na ce zan riƙa biyan tamanin ɗin. Latifatu ta zo daga Asokore Mampong ta durƙusa masa. Ya ce shi ba zai ciyar da ɗan Alhaji Sanni da ɗakin da ba ya kwana a ciki ba, ko da kuɗin wani ne. Ya sayar da shago, ya sayar da keken ɗinkinsa na biyu, ya sayar da firjin Safura, ya haɗa da adashinta da ta kwasa. Ranar tafiya ya tsaya a tsakar gida, gaban 'yan haya, ya ajiye makulli a cinyar Faruku. Yaron nan sau biyu yana tambaya, "Baba Garuba, ka tabbata?" Garuba ya ce ya tabbata, ya ƙara da cewa Allah ya ba su haƙurin zaman kurkuku. Safura tana tsaye a barandarta da ƙullin kaya a ka.

Sauran labarin daga bakin Safura na ji shi, wani a waya, wani bayan ta dawo.

A Bakin Tsamiya akwai wani daga dangin uwarsa, Abdul-Kudus, magidanci mai shekara talatin da 'yan kai, uban ya mutu ya bar masa gona da gidan ƙasa mai rufin kwano. Garuba ya ba shi sidi dubu tara, ya karɓi gidan da eka huɗu na shekara biyar. Kullum da la'asar sai ya zauna a dandali yana ba mutane labarin yadda ya jefar da makulli, da gidan waye, da layin da yake, da nawa ɓarayin birni suke karɓa. Abdul-Kudus yana gefe yana saurare. Bayan mako uku ya kwashi matarsa da 'ya'yansa biyu ya ce zai gangara kudu neman aiki. Garuba ya yi masa dariya, ya ce yaran zamani ba su san daɗi ba.

Watan farko an yi ta aiko musu da doya da ƙwai. Wata na biyu aike ya tsaya, domin ya zama ɗan gari, kuma ɗan gari ba a yi masa kyauta, karo-karo ake sa shi. Famfon burtsatse ya lalace, kowane gida sidi hamsin. An yi rasuwa, ga kason gidanka. Mai gari kuma yana da nasa na shekara a kan duk wanda ya zo noma daga waje. Garuba ya kafa kekensa a gindin bishiya, kuma an kawo ɗinki, wannan gaskiya ne, don tsumma ba ya ƙarewa a ƙauye. Sai dai in ya gama a ce masa, "Allah ya saka, Baba, sai kaka." Mai kirki ya kawo ƙwai uku. Akwai makon da sidi goma sha biyar ya gani da idonsa, mutumin da yake tashi da tamanin a rana. Zare da zif da allura kuwa daga Kumasi suke zuwa, da kuɗin mota a kansu. Haka sukari, haka sabulu, haka maganin hawan jinin Safura, wanda sai an hau babur sidi saba'in zuwa, saba'in dawowa, kafin a ga inda ake sayar da shi.

Noman kuma sai a yi shiru. Mutumin da tun da aka haife shi bai riƙe abin da ya fi almakashi nauyi ba, shi ne da eka huɗu. Tarakta kuɗi, taki kuɗi, 'yan ƙodago kuɗi da abincin rana. Da damina ta yi tsakiya doya ta ƙare a garin ƙaf, mutanen da suke cika masa buhu da kaka su ne suke awon masara gwangwani gwangwani. A lokacin ne Safura ta fara kirana a ɓoye, ni kuma na fara tura mata ɗan abin da ya samu ta waya. Shi kuwa gogan yana turo mini saƙon murya wai in ji kukan tsuntsaye, wai iska mai daɗi. Na ce a gaya masa ba a tuƙa tuwo da iska.

Da kaka ya samu buhu goma sha huɗu na masara, har ya fara hura hanci. Amma kowa ya girbe a mako ɗaya, farashi ya faɗi. 'Yan kasuwa suka zo daga Kumasi da kuɗin Kumasi a aljihu, suna taya masara yadda suka ga dama, suna cewa kai, ƙauye akwai araha. Garuba ya ce ba zai sayar musu ba, da kansa zai kai kasuwa. Ya biya mota kowane buhu. A shingen gunduma aka yanka masa tikiti kowane buhu. A bakin kasuwa aka sake yanka wani. Ya buɗe baki zai yi laccar da ya saba, mai tikitin ya ce, "Baba, ko ka biya ko a sauke, motoci na jira." Ya biya. Da ya dawo gida ya lissafa abin da ya kashe tun daga tarakta, sai ya ga shekara guda ya yi wa masara bauta kyauta.

Wata goma sha huɗu suka yi. Safura ce ta fara dawowa, a bayan motar doya, ta rame har sai da na kalle ta sau biyu. Na rungume ta na yi kuka, sannan na zage ta don ta bi shi. Bayan kwana tara sai ga shi da kan keke a kafaɗa. Bai zauna a bencina ba, tsayawa ya yi daga gefe yana gaishe ni kamar mai neman aiki. Ya ce in taimaka in raka shi wurin Faruku ya roƙi ɗakin, ko ɗari da hamsin ne zai biya. Don Safura na ɗaura gyale na bi shi.

Faruku ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo ruwa. Ya ce, "Baba Garuba, wallahi da yana nan da na ba ka. Wata ɗaya da tafiyarku aka kama shi, ɗari uku da hamsin, an ajiye shekara biyu cif, dubu takwas da ɗari huɗu. Ai na zaci kai ka turo shi, don da sunanka ya zo. Ga shi can ma bai fita ba, ku ƙarasa ku gaisa."

Muka ƙarasa barandar. Keke mai ƙafa uku na haya, wanda muke ce wa paragiya, yana ajiye a bakin ƙofa, wata mata tana tara ruwa a famfon Safura. Labule ya ɗaga, Abdul-Kudus ya fito yana saka hula. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Garuba, ya tambayi gona, ya tambayi mutanen gida. Garuba ya dube shi, ya dubi ɗakin. Da ƙyar ya ce, "Da kuɗina ka kama ɗakina?"

Abdul-Kudus ya ce, "Da kuɗin gonata, Kawu. Kai ka ce ba ka so. Ni kuma shekara goma ina neman abin da zan ajiye adibas in fito, ban samu ba sai da ka zo. Nan ko ba komai kullum ina dawowa da wani abu a aljihu."

Ba da gatse ya faɗa ba, kuma na so in ji haushinsa na kasa. Yaron bai cuci kowa ba. Ya zauna a inda Garuba yake yabo, ya san abin da ke ciki, ya saurari inda Garuba yake zagi, ya yi lissafinsa.

Yau Garuba yana yawo layi layi da kan keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi, yana kwana a zauren masallaci. Shekara huɗun da suka rage masa a gonar suna can, ciyawa tana ci. Safura tana kwana a ɗakin da nake ajiye buhunan shinkafa da wake, ta shimfiɗa katifa tsakanin buhu da bango, mace mai jika biyu. Da na koma na gaya mata wanda ke cikin ɗakin, ba ta yi kuka ba, ba ta zagi mijinta ba, ni ce na yi mata zagin. Tambaya ɗaya ta yi, ko suna kula da tagar. Daga nan ba ta sake ta da maganar ba. Sai dai in na aike ta kasuwa da safe ba ta bin layin gidan Alhaji Sanni, ko da shi ne hanya. Takan zagaya ta bayan babbar kwata, da ciwon ƙafarta, ta ƙara tafiyar minti ashirin, ta dawo ta ce mini kasuwa ce ta cika.