Furannin Garzali

Garzali mutumin wani ƙauye ne tsakanin Kadawa da Bunkure. Gonar da ya gada ba ta kai ta ciyar da gida ba, saboda haka ya shiga lebura a wata gonar gwajin iri, yana ban ruwa yana cire ciyawa. A nan ya ga yadda ma'aikata ke aurar da shuka: a ɗebo garin wannan fure a shafa wa wancan, a ɗaure, a jira iri.

Su tumatir suke yi wa. Shi kuwa ya kai dabarar gida ya gwada a kan kariya, itaciyar nan mai kumburarren gindi da ke fitar da jan fure tsakiyar rani, lokacin da ko ganye babu a jikinta. Duk inda ya ji labarin wata mai launi daban sai ya hau keke. Har duwatsun Rano ya je ya yanko reshe. Sai da ya shekara takwas kafin ya sami abin da yake nema: gajeriya, ba ta wuce gwiwa, furenta fari tas da jan baki. Akuya ba ta kusantarta, kuma takan yi wata uku ba ɗigon ruwa ba ta nuna ba.

Matarsa Indo takan tsaya ta dube shi a tsugune a bayan ɗaki. "Malam, ko miya fa ba a yi da ita."

"Ido ma yana da nasa abincin," in ji shi.

A 1984 aka rage ma'aikata, sunansa ya fito. Bai damu yadda ya kamata ba, don a ganinsa lokacin furen ne ya zo. Ya dasa rassa a gwangwanayen madara ya kai kasuwar Kura. Mutane suka riƙa tsayawa suna tambayar maganin me take yi. In ya ce ta ado ce, sai su yi murmushi su wuce wajen masu albasa. Shekara uku yana zuwa, wata ran ya sayar da biyu, wata ran ya komo da kayansa yadda ya tafi. Indo ce ke riƙe da gidan da surfe da sayar da ƙuli-ƙuli.

Ran nan wani Alhaji Dalhatu, ɗan kwangilar gina gidaje a Kano, ya tsaya ya daɗe yana juya gwangwani ɗaya a hannu.

"Kai ka fitar da wannan?"

"Ni ne, Alhaji."

"To ka tara mini ɗari uku. Baɗi da rani zan zo da mota."

Garzali ya komo gida ya cire albasar da ke ɗan filinsa, ya cika shi da kariya layi-layi.

Abin da bai lura da shi ba, ƙasar ta daɗe tana canzawa. Tun da aka ja ruwan noman rani ta gefen ƙauyen yake tsatsafowa ta ƙarƙashi. Rijiyar da a da sai da doguwar igiya, yanzu da hannu ake ɗiba. Gindin katanga kullum a jiƙe, farar kanwa tana fitowa a tsakar gida. Sai ga daminar 1988 ta zo da ruwan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Kwana goma sha ɗaya filin yana kwance cikin ruwa.

Da ruwan ya janye, Garzali ya danna gindin ta farko, yatsansa ya nutse kamar a ruɓaɓɓiyar kabewa. Ta biyu ma haka. Ya tone su duka ya kwashe zuwa tudu, yana yanke ruɓa yana shafa toka, har ƙaiƙayin ruwan itaciyar ya sale masa hannuwa. Ba wadda ta tashi. Uwar, wadda duk daga jikinta aka yanko sauran, ita ta mutu a ƙarshe. Irin da ya adana a ƙwarya kuwa, bangon ɗakin ya faɗa a kansa.

Da rani Alhaji Dalhatu ya zo da motarsa kamar yadda ya ce. Ya dubi filin, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya sayi buhun albasa biyu a wajen maƙwabci, ya juya.

Daga nan Garzali ya koma ƙwadago a gonakin shinkafa, yana wuni cikin ruwa har gwiwa, tsargiya ta kama shi ta ƙi saki. Wata rana Indo, wadda a da take ganin abin shirme ne, ta ce masa ko zai sake gwadawa, ta ji an ce akwai kariya a Rano har yanzu.

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa da ruwa ya cinye.

"Waccan ja ce, Indo. Irinta tana ko'ina."

Ya ɗauki lauje ya fita.