Wa Ya Buga Ƙusa a Fiffiken Malam Buba?

Kai mai karatu, ka taɓa ganin Malam Buba kafinta na Dayi ya buga wa jirginsa ƙusa? In ka gani, fito ka faɗa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, Malam Buba ya rasu a fili bayan gari, da fiffiken ƙaramin jirgin saman da ya ƙera ya karye yana gwajin tashi.

Baba Buba, mutane sun ce ƙaddara ce. Na yarda. Amma ni maƙwabcinka ne, na ga yadda kake yanka haƙarƙarin fiffike, siraran katakon nan da ke riƙe shi daga ciki. Kana bin jijiyar itace da zarto a hankali, duk wanda ka ga ido a jikinsa ka jefa wa matarka Inna Naja'atu ta hura wuta. Ayinde mai katako a Funtua har tsokanarka yake: “Malam, katako kake zaɓa ko amarya?” Kai kuwa sai ka ƙwanƙwasa, ka kara kunne, ka ce a kawo wani. Da gam kaɗai kake haɗawa. Ranar da na ce ka ƙara da ƙusa don ƙarfi, dariya ka yi: “Ɗan nan, ƙusa ta kujera ce. Tana tsaga katako. Kujera in ta karye, ƙasa na kusa.”

Ba don suna ka yi jirgin nan ba, don feshin gonakin audugarmu ka yi. Hannun nan naka ne ya sassaƙa wa maƙwabciyarmu Mama Dorkas sandar dogarawa, ka ƙi karɓar ko godiya.

To, 'yan kwamitin shirya bajekolin noma sun zo da babbar mota suka ɗauki fikafikan, wai za a yi musu fenti don baƙi su gani. Ka hana, suka matsa, kunya ta sa ka bari. Suka dawo da su suna ƙyalli.

Bayan jana'iza na je filin. Na ɗaga yagaggen yadin da aka rufe fiffiken da shi, na ga haƙarƙari a tsage, an ɗinke shi da ƙusoshi. An yanka yadin, an liƙe, an shafe da fenti mai kauri. A mota ya karye? Wajen saukewa? Ban sani ba. Na dai san wani ya sani, ya yi shiru, ya tsaya yana kallo ka hau.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna makoma. Inna Naja'atu da yara, Allah ya ba ku haƙuri.

Ku kuma 'yan kwamiti, buhun shinkafar da kuka kai gidan makoki ba amsa ba ce. Katakon yana hannuna da ƙusoshinsa. Ranar Juma'a bayan an sauko, a gaban jama'ar Dayi, shugabanku ya tashi ya faɗa mana: wa ya buga su?