Munkaila Ninka da Ragon Layyarsa

A layinmu na Matameye ba mai kiran Baba Munkaila da sunansa idan ba ya wurin. Ninka ake ce masa, kuma daga bakinsa sunan ya fito. Ko ashana ya saya a butik, wato ɗan kantin unguwa, sai ya ce wa mai butik, "Sa min a leda. Ninka ta." Wato leda biyu, ɗaya cikin ɗaya.

Katanga ce kawai tsakanin gidansa da namu, don haka na girma ina jin muryarsa. Manomin gero ne kamar kowa, sai dai shi bai taɓa yarda da haka ba. Ya yi shekaru yana zuwa ci-rani Kano, inda yake tura baro a kasuwa, bai kuwa dawo da wani abin kirki ba sai kalma ɗaya da yake buɗe kowace magana da ita: "Mu da muka zauna birni." A wurinsa birni shi ne baƙar leda. Ranar kasuwa zai sayi albasa, a sa a leda. Gishiri, leda daban. Barkono, leda daban. Ya dawo yatsunsa goma a cike, yana tafiya a tsakiyar hanya a hankali, yana amsa gaisuwar da ba a yi masa ba. Wanda ya hango shi daga nesa sai ya ɗauka biki za a yi a gidan. In an zazzage kayan, duka ba su cika faifai ɗaya ba.

Matarsa, Inna Najaha, saƙar kaba take yi. Tana saƙa tabarmi da sanho, irin jakar nan mai hannu biyu da ke yin shekaru ba ta yage ba. Matan Dawce da Icirnawa in sun shigo kasuwa sukan biyo ta gidanta su saya. Mijinta ne kaɗai bai taɓa riƙe sanhonta ba. Na ji ta wata rana ta cikin katanga tana cewa, "Malam, ga sabo na saƙa maka, ka riƙa zuba cefanen a ciki."

"Ni? In ratsa kasuwar Matameye da kaba a hannu kamar mai kai kaji? Najaha, ƙauyanci ba ya barinki."

"To ka daina watsa ledar a tsakar gida, ni ce mai sharewa."

"Iska ce mai kwashewa, ke me ya dame ki?"

Iska kuwa tana kwashewa, amma zuwa gidajenmu. Bishiyar bedin ƙofar gidanmu ta daɗe tana yabanya da baƙar leda.

Abu ɗaya ne ya hana Baba Munkaila sakat a rayuwa. A layinmu, ranar Babbar Sallah, in an yanka raguna an feɗe, ba a shiga da su gida. Kowane rago a kan baje shi a kan sanduna biyu da aka gitta, a kafa su a jere a gefen doguwar wuta a waje, su wuni suna gasuwa, sai washegari a raba nama. Ragon da ya fi kowane ƙiba shi ake kafawa a farkon layi, ta bakin titi, inda duk mai wucewa zai fara gani. Tun ina ƙarama wannan wuri na Alhaji Ɗahiru mai hatsi ne, mutumin da ko kulawa da abin bai yi ba. Baba Munkaila kuwa kowace shekara sai ya tsaya yana kallon ragon Alhaji kamar an ƙwace masa gado.

Bara ya rantse wurin nasa ne. Tun kaka ya sayo ɗan rago ya ɗaure a turke a bayan ɗakinsa, daidai lungun da iska ke tara shara. Ya hana kowa ganinsa, wai kada baki ya kama shi. Labarin ragon ne kawai ke fita waje, kuma kullum daga bakin mai shi. A majalisa sai ya buɗe hannuwa ya ce, "Cikin nan kamar randa." Mutanen majalisa su ce, "Kai, Malam Munkaila, bana Alhaji ya shiga uku!" In ya tashi su fashe da dariya. Bai taɓa gane cewa don nishaɗi suke zuga shi ba.

Na dawo hutu daga jami'a a Damagaram ana saura kaɗan Sallah. Mahaifiyata ta aike ni in karɓo mata sanho wurin Inna Najaha, a nan na ga ragon. Ciki dai akwai shi, har yana rinjayarsa. Amma ƙashin bayansa a tsaye yake kamar shinge, idanunsa sun faɗa, ga harawa a gabansa bai ko kalle ta ba. Yana dai lasar wata leda da aka sayo ƙosai a ciki, yana jan ta da leɓe. Ina kallo ya haɗiye ta.

Inna Najaha ta ga inda idona yake. Ta ce a hankali, "Ya daina tuƙa tun watan jiya."

Sai ga maigidan ya shigo da ledodinsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "A'a, 'yar jami'a! Tunda kin gani, to faɗi gaskiya. A duk karatunku an taɓa nuna muku rago irin wannan?"

Na ce, "Ba a taɓa ba, Baba."

Ya juya ga matarsa. "Kin ji ko? Ita ga ilimi ga hankali. Ke kuma kullum ba ya ci, ba ya ci. Wanda ya ƙoshi ina zai sa abinci?"

Ya zazzage tsiren da ya sayo wa kansa, ya jefar da ledar mai maiƙo ta bayan ɗaki.

Ranar Sallah da aka sauko idi, ya fito da ragon da kansa, ya sa babbar riga, ya ce a bar masa wurin bakin titi, kada kowa ya kafa sanda a can. Mutane suka ga ƙasusuwan ragon, suka kalli juna. Alhaji Ɗahiru ya ce, "Bismillah, wuri ai na kowa ne." Mu mata muna leƙe daga zaure, muna jiran a miƙo kayan ciki mu soya.

Nasiru mahauci ne ke yi wa layinmu fiɗa. Da ya zare fatar, sai haƙarƙari suka fito fili, babu ko ɗigon kitse. Baba Munkaila ya ce, "Kitsen a ciki yake. Irinsu a ciki suke tarawa. Buɗe ka gani."

Nasiru ya fito da tumbin da hannu biyu, ya ajiye a ƙasa, ya sa wuƙa. Wuƙar ta ƙi shiga sosai. Ya tsaga a hankali, ya sa hannu, ya jawo wani baƙin abu a murɗe kamar igiya. Ya ja, ya ja, abin bai ƙare ba. Leda ce, ta dunƙule ta yi tauri, ta cika tumbin har wuya. Ya tara ta a gefe, tsibin ya fi kan ragon girma.

Nasiru ya ɗaga guda sama, ya duba ta, ya ce, "Malam Munkaila, wannan ma a ninke take."

Dariyar da aka yi har daga layin baya aka zo tambaya. Wani tsoho ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Alhaji Ɗahiru kaɗai ya kau da kai yana gyaran itace.

Da wani mutum ne, da sai ya sunkuyar da kai. Baba Munkaila ɗaga murya ya yi. "Jifa ne! Wallahi jifa aka yi min! Rago da hankalinsa zai ci leda? Na san masu wannan aiki, kuma Allah zai saka min." Yana faɗa yana kallon wajen Alhaji. Aka kafa ragon Alhaji a bakin titi kamar kullum. Nasa aka kai can ƙarshe, jikin katanga, bayan bunsurun wani tela. A kan sandunan ya yi kama da tsohuwar rigar da aka shanya.

Inna Najaha ta fito da tsintsiya, ta kwashe tsibin ledar a tsohon kwano, ta wuce ta gaban mijinta da shi. Bayan Sallah mata uku a layinmu suka je suka sayi sanho, duk masu awaki ne. Mai butik ma yanzu in ka ce ya sa maka ashana a leda sai ya tambaye ka ko kana kiwo.

Shi kuwa washegarin Sallah ya yi rabon nama kamar kowa, don kada a ce bai yi ba. Da kansa ya kawo namu, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Na fita na karɓa da hannu biyu. Na kwance leda ta farko, na kwance ta biyu. A can ƙasa na sami tsoka guda, ba ta fi dabino ba.