Ranar da Kaka Ya Lalubi Ƙaho

Duk ranar da masu fasa dutse suka sa nakiya a bayan gari, sai ƙasa ta ɗan girgiza, tagogi su yi ƙara, can kuma iska ta kawo wani wari mai yaji-yaji har cikin gida. Yarana toshe hanci suke yi. Ni kuwa tsayawa nake in shaƙa, don warin albarushi ne, kuma da zarar na ji shi sai in ga kakana zaune a zaure, adakarsa, bindigarsa ta gargajiya, a kan cinya, yana danna mata tsumma da wani dogon ƙarfe.

Mu ba gidan mafarauta ba ne irin waɗanda ke cin abinci da daji. Mahaifina direba ne, yana jigilar leburori zuwa Abuja lokacin da ake ta gine-gine. Baffana, ƙanensa, tela ne a kasuwa. Kaka kaɗai ya yi farauta sana'a a ƙuruciyarsa. Da ya bari, sai ya riƙe abu ɗaya: kowace shekara, in an gama girbin dawa, mazan gida za su ajiye mota da keken ɗinki su bi shi duwatsun da ke hanyar Diko, a nemo mazo. In ba ka san mazo ba, naman daji ne dangin barewa, ja mai ɗigo-ɗigon fari, yana son kurmi inda ruwa yake. Namijin ke da ƙaho. Macen kanta sumul yake, sai kunnuwa.

Kaka yana da dokoki biyu, kuma duk yaron gidanmu ya haddace su tun kafin ya kai munzalin zuwa. Ta farko, ba a harbin mace, don ba ka san wa ta bari a cikin ciyawa ba. Ta biyu, in babba ya ɗaga bindiga, babu mai magana, ko da kunama ce ta harbe ka. Wannan ta biyun tana da dalili. Da daɗewa wani ya yi magana a irin wannan lokaci, mai bindiga ya waigo da ita, ta tashi ta cinye wa ƙanen Kaka yatsu. Tun daga ranar aka hana.

Ni da Kaka kullum cikin tsiya muke, wai na ƙwace masa mata. Kakata, wadda muke kira Iya, ita ke hura wutar. Sai ta zuba mini nama a gabansa ta ce sabon ango ya fi tsohon da ba ya iya tauna. Shi kuma ya ce ango mai majina har baki, ko kaza bai taɓa kamawa ba. Shekarar da na shiga sakandare ya ce to, bana a tafi da ni, a ga ko zan iya ciyar da matar da na sata. Na yi ta tsalle har Iya ta ce zan fasa mata tulu.

Amma akwai abin da duk gidan suka sani, babu mai faɗa. Idon Kaka ya fara yana. Wani fari-fari ne ya soma rufe masa ƙwayar ido, yana ƙaruwa a hankali. Iya kan tura masa buta da ƙafa zuwa inda hannunsa zai sauka, ta yi kamar wucewa take. Baffa kan juya masa takalma su fuskanci ƙofa. In baƙo ya doso zaure, mahaifina zai yi sauri ya gaishe shi da sunansa da ƙarfi, don Kaka ya ji ko wane ne. Shi ma Kaka bai taɓa cewa ba ya gani ba. Cewa yake hasken ranar yanzu ne ya lalace. Haka muka zauna, kowa yana tallafe da wannan ƙarya kamar ƙwaryar da ta tsage, kuma mun ɗauka ladabi muke yi.

Ana saura kwanaki a tafi, na ji Iya tana ce wa mahaifina ya hana tafiyar bana. Ya ce, "Iya, da wane baki?" Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Mun fita bayan sallar asuba. Mota ta kai mu wani ƙauyen Gwari a gindin dutsen, inda Kaka ke da tsohon aboki da kan ajiye masa labarin inda namun ke shan ruwa. Matan ƙauyen sun riga sun fito da doya a kafaɗa. Daga nan sai ƙafa. Raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa, ciyawa ta fi ni tsayi, tana ƙamshin busasshen kara da danshi. Ka ji kukan fakara daga nan, wata ta amsa daga can. Kaka ne a gaba, da ƙahon albarushinsa rataye a wuya. Wallahi in ka gan shi a kan dutsen nan ba za ka ce idonsa da matsala ba. Ƙafarsa ta san hanyar. Ya san inda dutse yake da santsi, ya san inda za a sunkuya saboda ƙaya. Sai dai na lura, in an zo wurin sawu, mahaifina kan durƙusa ya ce, "Baba, wannan kamar na jiya ne, ko?" Kaka ya shafa ƙasar da yatsa ya ce na safiyar nan ne. Tambaya ce a baki, amma nuna masa wurin yake yi.

Da hantsi muka kai wani kurmi tsakanin duwatsu biyu, inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙarƙashin falalen dutse. Muka laɓe ta inda iska ke zuwa mana a fuska. Muka daɗe, har ƙafata ta yi sanyi, tururuwa na hawa ni ina daurewa. Can sai ganye ya motsa. Ni ina bayan Baffa, ban hango komai ba sai wani ja-ja tsakanin rassa. Kaka ya karkata kunne, ya ɗaga adaka a hankali.

Abin da na gani sosai shi ne fuskar mahaifina. Yana gefen Kaka, idonsa a kan dabbar. Na ga bakinsa ya buɗe. Na ga hannunsa ya taso kaɗan daga gwiwa, ya tsaya a iska. Sannan ya rufe bakin, ya mayar da hannun. Kaka ya yi bismillah, bindiga ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe mu, duwatsun suka yi ta mayar da ƙarar.

Harbin ya samu. Ko da rabin ido Kaka gwani ne. Muka ruga, dabbar na kwance a bakin ruwa tana shure-shure. Kaka ya zaro wuƙa ya durƙusa, ya kai hannu zai kama ƙaho ya juya wuyan zuwa alƙibla, yadda ya saba yi tun kafin a haifi mahaifina. Hannunsa ya sauka a kan kai sumul. Ya laluba ta dama, ya laluba ta hagu, ya kama kunne ya saki. Mace ce. Duk da haka ya yanka, don kada ta mutu mushe, kuma ta huta. Da ta daina motsi sai ya bi cikinta da tafin hannu har ƙasa. Da ya ɗago hannun, na ga fari-farin nono a yatsunsa.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya juya wajen da yake jin numfashin mahaifina.

"Ka gani?"

"Na gani, Baba."

"Ka yi shiru?"

"Ka riga ka ɗaga bindiga, Baba."

Kaka ya gyaɗa kai. Ya ce, "Haka ne. Ni na ce." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Da ma zagi ya yi, ko mari, da ya fi mana sauƙi. Mahaifina, mutumin da ko a jana'iza ban taɓa ganin hawayensa ba, ya juya mana baya ya tsaya yana kallon dutse.

Kaka ya ce a nemo ɗan. Muka bazu cikin kurmin muna ɗaga ciyawa. Baffa ne ya same shi a lafe ƙarƙashin wata sarƙaƙiya, bai fi ɗan akuya ba, ya kwantar da kunnuwa, ko gudu bai yi ba, don haka uwar ta bar shi. Kaka ya miƙa wa mahaifina adakar, abin da bai taɓa yi a daji ba, ya tuɓe rigarsa ya naɗe ɗan, ya rungume shi. A hanyar saukowa ƙafarsa da ta san kowane dutse ta yi ta tuntuɓe. Ya ce in zo in shiga gaba, ya dafa kafaɗata. Na so in tsokane shi in ce tsoho ya gaji, amma maganar ta ƙi fitowa.

Naman kuwa, rabi aka bar wa mutanen ƙauyen, sauran aka raba da maƙwabta. Halal ne, an yanka, Iya ma ta dafa, amma Kaka bai taɓa ba.

Aka ajiye ɗan mazon a ɗakin Iya, kusa da murhu. Akuyarmu na shayarwa a lokacin, aka riƙa tatso ta. Kaka da kansa yake tsoma tsumma a nonon ya matsa masa a baki. Wani lokaci ya haɗiya, wani lokaci ya kauda kai nonon ya bi hannun Kaka ya zube. Mutumin da ba ya shiga sashen mata da rana ya koma wuni a can, a kan 'yar kujerar Iya, yana yi wa dabba magana ƙasa-ƙasa. Kullum na dawo makaranta tambayata ta farko ita ce ko ya sha. Ran nan na dawo na tarar Kaka a zaure, hannuwansa a kan gwiwa, tsumman na shanye a kan igiya. Ban yi tambayar ba. Iya ta ce an binne shi a gindin mangwaro.

Tun daga nan ba a sake hawa dutse ba. Kaka ya daina cewa hasken rana ne ya lalace. In lokacin salla ya yi, sai ya kira mahaifina ya miƙa masa hannu, su tafi masallaci a hankali, kowa na gani. An kai shi asibiti, aka ce za a iya cire yanar, ya ce a bari, ya ga abin da zai gani. Bai daɗe sosai ba bayan haka Allah ya karɓi abinsa, cikin damina. Adakar na rataye a ɗakin mahaifina har yau, tsatsa ta ci bakinta. Bai taɓa ɗura mata albarushi ba.

Yanzu dutsen nan an cinye masa gefe guda. Tifofi ke kwasar tsakuwarsa dare da rana zuwa Abuja, gidajen haya sun kai har inda ƙauyen yake. Kurmin ya bushe. Yarana ba su san mazo ba, da na ba su labari sai ƙaramar ta tambaye ni ko a waya zan nuna mata. Wannan duk na haƙura da shi. Abin da ban yi zato ba shi ne in ga gidana ya koma gidan Kaka.

Mahaifina ya tsufa, yana zaune tare da mu. Ya bar mota tuntuni, amma yana da babur da yake hawa zuwa kasuwa da gaishe-gaishe. Bara na lura matata na tura masa kofin shayi zuwa inda hannunsa zai sauka. Na lura babban ɗana na juya masa takalma. Ni kaina na kama bakina yana gaishe da baƙo da ƙarfi tun daga ƙofa. Babu wanda ya koya mana. Muka ci gaba da haka har wata la'asar, ina dawowa daga aiki, na hango shi ya shigo layinmu daidai lokacin da 'yan Islamiyya suka taso. Wata yarinya da allonta na tsakiyar hanya, bai rage gudu ba. Wani mai shago ne ya fizge ta. Shi kuwa ya wuce abinsa, bai san an yi ba.

Na same shi a zaure yana cire hula. Na durƙusa na gaishe shi, na ji bakina ya yi nauyi, harshena ya manne. A lokacin ne na san abin da ya riƙe hannunsa a kurmin nan, na kuma ji tausayinsa fiye da kullum. Da ƙyar na ce, "Baba, idonka ba ya gani. Yau ka kusa taka yarinya."

Ya ajiye hular a gefe. Sannan ya ce, "Ta ji ciwo?"

Na ce a'a.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin babur. Ya miƙo shi, amma ba daidai inda nake ba, ya ɗan kauce gefe. Na matsar da hannuna na karɓa. Ya riƙe yatsuna bai saki ba.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce. "Ni da na buɗe baki, sai na rufe."

Aka kira magariba. Ya lalubo hularsa ya sa, ya miƙo mini hannu, muka fita.