Ƙwan Babur a Ɗakin Inna Kulu

A shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato ina aji huɗu a sakandare a Jega, hutu kuwa gida nake komawa, Giwa Tazo. Da an idar da sallar isha'i an suɗe kwanon tuwo, sai mu jikoki mu ƙara karan dawa a murhun da ke ƙofar ɗakin kakarmu, Inna Kulu, mu zagaye ta. Da taku ko tari take gane kowannenmu, don a lokacin yanar ido ta riga ta rufe mata ido biyu. Wutar murhun ma, ta ce, kamar jan gyale take ganinta daga nesa.

Ni take tsokana da Maigida. Wata rana ta ƙi fara tatsuniya.

"Maigida, kullum ni ka cika muku kunne. Yau kai za ka hwarawa. Mi anka koya maka can Jega?"

Na gyara zama na ce lissafin wutar lantarki. Akwai ƙarfin da ke tura wuta, ana auna shi da bolt. Akwai yawan wutar da ke bi ta cikin waya, shi ne amfiya. In ka raba bolt da amfiya, ka sami turjiyar wayar, wato yadda take hana wuta wucewa, ana ce mata om. In kuwa ka ninka su, ka san abin da ƙwan fitila yake ci, wat ke nan. Ƙannena har sun fara hamma, ita kuwa ta sa na maimaita.

"Ashe tatsuniya ta," in ji ta. "Ku matso, ga wata ta iso."

"Ta iso mu ji ta!"

Wai wani falke ne ya kawo jakai da kayan albasa wani gari mai ƙofa ɗaya, yana sauri ya riski kasuwa. Jakai suka cunkushe a ƙofar, ɗaiɗai suke wucewa. Ya ɗauko ƙato ya tura su ta baya, masu wucewa suka ɗan ƙaru. Ya ƙaro ƙato na biyu, ya ƙaro na uku. Jakai suka yi ta gugar juna, gumi na zuba, albasa na dagargajewa, har kasuwa ta watse. Sai da kowa ya gaji ya zauna ƙasa aka ga wani kututture kwance a bakin ƙofar. "Sun yi ta ƙara masu turi," in ji Inna Kulu, "ba wanda yad duƙa shi duba ƙohwa." Muka yi ta dariyar falke.

Tun daga ranar na ƙudurta zan kawo mata hasken da ya fi na murhu da aci-balbal, ko ta ga fuskokinmu. Kawuna Bala direban motar albasa ne tsakanin Aliero da kudu, ya yarda ya ara mini batir. Ƙwan da na samu na fitilar babur ne, mai bolt shida, batirin kuwa sha biyu. Wani mai gyaran rediyo a kasuwar Jega ya auna mini ƙwan da mita: amfiya biyu yake ja. Na raba shida da biyu, om uku. Na ninka, wat sha biyu. Ke nan sai na sa wata turjiya mai om uku a hanya ta shanye rarar bolt shidan, in ba haka ba ƙwan ya ƙone. Mutumin ya auna zaren tsohon risho na lantarki ya yanko mini daidai, ya ce in yi hankali, shi ma wat sha biyu zai ci, da zafi zai fitar.

Ranar da na haɗa, gidan duka ya taru. Ƙwai ya kama, yara suka yi ihu, har zanen tabarma ana gani. Inna Kulu ta ɗaga kai ta juya nan, ta juya can.

"An kunna?"

Na ce, "An kunna, Inna."

"Awo, akwai ɗan hwari-hwari." Ta miƙa hannu tana lalube, ta tsaya kusa da zaren rishon. "Wanga ɗumin dai na san shi. Allah shi yi maka albarka, Maigida, lissahinka ya hita."

Ta janye hannun, ta ce a ƙara kara a murhu. Ba ta kai damina ta biyu ba ta rasu.

Na girma na zama mai haɗa wuta a gidaje a Aliero. Shekaru da yawa bayan haka maƙwabcina ya roƙe ni in kai mahaifiyarsa asibiti da motata, ita ma yanar ido ce. A hanya nake jin cewa cire ta ake yi, aikin da bai kai tsawon cin kasuwa ba, kuma tun zamanin Inna Kulu ana yin sa a manyan asibitoci. A gidanmu ba wanda ya sani. Mun ɗauka tsufa ne, tsufa kuwa ba a kai shi asibiti. Ban taɓa tunanin falken nan da muka yi wa dariya ɗan gidanmu ne ba sai a kan bencin asibitin.

Aka yi aikin, washegari aka kwance wa tsohuwar bandeji ina tsaye. Ta ƙifta ido, ta bi ɗakin da kallo, ta tsaya a kan ɗanta ta daɗe.

"Kai, Sani," ta ce, "yaushe kay yi hurhura?"

Kowa ya yi dariya. Ni na fita na shiga mota na rufe ƙofa, sai da aka aiko nemana.