Gasasshen Agaden Juma'a

Ƙanshin agade da aka gasa a kan gawayi ne ya tono mini wannan labari. 'Yata, wadda take koyar da 'yan aji shida a makarantar unguwarmu, ta shigo ranar Juma'a da ledar bole a hannu ɗaya, littafi a ɗayan. Idan ba ka taɓa zama a Fatakwal ba, bole gasasshen agade ne da kifi da manja mai yaji. Ta zauna ta ce, "Baba, littafin da aka ba ni in karantar, labarin yarinya ne da mahaifinta ya rasu. Ga shi akwai marayu a ajin. Ta ina zan fara?"

Ni ba malami ba ne. Karatuna bai yi nisa ba, nama nake sayarwa a kasuwar Mile One kamar yadda mahaifina ya yi. Amma na taɓa zama a irin wannan aji.

Ina aji shida Yaya ya rasu, shi ne ɗan farin Inna. Tsakiyar damina ce, irin ruwan nan na unguwarmu Diobu da ke wuni yana dukan kwano har kwata ta shigo tsakar gida. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai daɗe ba ya cika da hantsi. Aka kora mu yara gidan maƙwabta, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Da na dawo, na tarar da Inna zaune a tabarma da carbi, tana amsa gaisuwa. Idonta a bushe.

Ka san al'adarmu ta da. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna shi nata ne a gaban mutane. Tunda na yi wayo, Inna "wancan" take ce wa Yaya. To amma mu a kudu muka tashi, inda maƙwabta ke kafa rumfa su toshe titi, a yi kiɗa a yi kuka idan an yi musu mutuwa. Da na koma makaranta, wani ɗan ajinmu ya tare ni ya ce da turancin buroka, "Una no dey cry? Ku ba kwa kuka ne? Kun binne mutum kamar kaza." Na kai masa duka, amma maganar ta zauna mini a rai.

A zangon nan ne malamarmu, wata Inyamura doguwa da muke kira Madam, take karanta mana wani ɗan littafi a kan yaron da ƙanwarsa ta mutu, gidansu ya yi tsit. Rannan ta kai inda uwar yaron ta ƙi yin kuka, sai ta rufe littafin ta tambaye mu me ya sa. Ban ɗaga hannu ba na ce, "Don ba ta son ta ne. Haka uwata take. Ko sunan yayana ba ta taɓa faɗa ba." Allah Ya yafe mini wannan magana. A lokacin har cikin zuciyata na yarda da ita, har na daina yi wa Inna hira, in gaishe ta a tsaye in wuce.

Madam ba ta tsawata mini ba, ba ta kuma ce na yi daidai ba. Ta ce da ajin duka, "Aikin gidanku na wannan mako ba na biro ba ne. Kada ku tambayi kowa komai. Ku je ku duba da idonku, me ake yi a gidanku saboda wanda ba ya nan."

Na zuba ido ban ga komai ba, sai ranar Juma'a. Inna ta hura gawayi a bakin madafa kamar yadda ta saba duk Juma'a, ta jera agade da kifi. Ita ba ta cin bole, cewa take zaƙi da manja ba su haɗu ba. Mahaifina ma tuwo ya sani. Yaya kaɗai ne mayen bole a gidanmu, kuma saboda shi ta koyi gashin wurin wata maƙwabciyarmu 'yar gari. Sai na tuna ba ta taɓa miƙa masa da hannunta ba. Ni take kira, ta zaɓi kifin da ya fi tsoka ta rufe a kwano, ta kau da kai ta ce, "Auta, kai wa wancan." Duk tsawon shekarun nan ni ne ɗan aikenta, ban taɓa tunanin abin da nake ɗauka ba.

Ranar ma ta zaɓi mai tsokar, ta rufe a kwanon nasa. Ta ce, "Auta, kai wa..." Ta daɗe tana juya agaden da ya riga ya gasu. Can ta ce, "Kai wa mutanen masallaci, sadaka ce. Hayaƙin nan ya dame ni." Gawayin kuwa ya yi jajir, babu hayaƙi ko kaɗan.

Ranar Litinin na miƙe a gaban aji na ba da labarin, da turancina mai gargada. Na ce musu uwata ba ta kafa rumfa ba, amma duk Juma'a tana gasa abin da ba ta ci. Madam ta cire tabarau ta goge, ta ce mu buɗe littafi mu sake karanta shafin nan daga farko. Wanda ya ce mun binne mutum kamar kaza bai ɗago kai ba. Da aka tashi ya raba gyaɗarsa ya ba ni rabi.

Yanzu zamani ya juya. 'Yar nan tawa ƙwala wa ɗan farinta kira take da sunansa, ta rungume shi a gaban kowa, ban kuma ga laifinta ba. Na dai ce mata kada ta tambayi yara wa ya yi kuka a gidansu, ta tura su su duba.

Ni kuwa ina alfahari da uwar da ta haife ni. Da aka haifa mini ɗa namiji na sa masa sunan Yaya. Ranar suna Inna, ta tsufa idonta ya yi rauni, tana zaune cikin mata ana ta guɗa. Ta miƙo hannu biyu, a gaban kowa, ta ce, "Ku ba ni wancan in riƙe."